Tunda James Webb na sama, me ake kuma da manyan madubai na ƙasa?

Bashir Gusau:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana cikinmu ku warware min wannan. Ana ta maganar ƙaton madubin hangen taurarin nan da Turawa ke ginawa a Chile wai shi ELT, ance faɗin madubinsa mita 39 kuma kuɗin da zai ci ya haura Yuro biliyan ɗaya. To ni abinda ya ɗaure min kai, madubin James Webb yana can sama tun Disambar 2021, kafin shi ma madubin Kepler shi kaɗai ya gano duniyoyi sama da 2,600 masu kewaya wasu taurari, duk daga sama inda ba gajimare ba ƙura. Me ya rage wa na ƙasa kuma? Ni a ganina zamaninsu ya wuce, gara a tattara kuɗin a ƙara harba wani sama.

Zainab:
Wa alaikumus salam. Gsky nima na sha yin wannan tunanin Yaya Bashir, duk labarin da zaka gani Webb kaza Webb kaza, ba mai ambaton na ƙasa

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bashir ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Mu fara da abin da Kepler ya yi tukuna. Shi ai ba ganin duniyoyin ya yi ba. Tsura wa taurari wajen 150,000 ido ya yi a yanki ɗaya na sama shekara da shekaru yana auna haskensu, idan wata duniya ta gitta ta gaban tauraronta sai hasken ya ɗan dushe na 'yan sa'o'i sannan ya dawo. Duniya irin Jupita in ta gitta gaban tauraro irin rana kashi 1 cikin 100 take ragewa, irin tamu kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Daga yawan dushewar ake sanin faɗin duniyar. Faɗi kawai fa. Kai da kake kasuwa ka sani mudun auduga da mudun gero cikarsu ɗaya, amma ɗora su a sikeli ka gani. To Kepler mudu ne, sikelin yana ƙasa. Sai an san nauyi an haɗa da faɗi sannan za a iya cewa wannan ta dutse ce irin tamu, waccan kuma iska ce ta cika ta. Bayan haka ma ba duk dushewa ce duniya ba, wani lokacin taurari biyu ne suke kewaya juna a can bayan wanda ake kallo suna rufe juna, sai abin ya yi kama da gittawar duniya. Wa ke tantancewa? Madubai na ƙasa, irin su Keck na Hawaii, su suka yi ta bin sawun abubuwan da Kepler ya hango.

Bashir Gusau:
Allah ya gafarta Malam, to ta yaya za a auna nauyin abinda ko ganinsa ba a yi?

Anti Rabi:
Malam Habibu bari in karɓe ka a nan. Bashir ƙanena, duniya ba ita kaɗai ke kewayawa ba, kamar yadda tauraro ke janta itama tana jansa, shi yasa shima yake ɗan rangaji, ya matso wajenmu ya koma baya ya sake matsowa. Idan aka ɗauki hasken tauraro aka tsefe shi ya bazu zuwa launukan bakan gizo, za ka ga dubban siraran baƙaƙen layuka a ciki, kowanne sawun wani sinadari ne, ƙarfe ne, sodiyam ne, haidirojin ne, kuma kowane layi an san gurbinsa. In tauraron na matsowa sai layukan duka su gusa ɓangaren shuɗi, in yana ja da baya su gusa ɓangaren ja. Tsawon lokacin da suke ɗauka suje su dawo shi ne shekarar duniyar, nisan gusawar kuma shi ke nuna nauyinta.

Da wannan hanyar Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz suka gano 51 Pegasi b a 1995, duniya ta farko da aka samu tana kewaya tauraro irin rana, kuma daga ƙasa suka yi aikin, a wurin kallon taurari na Haute-Provence a kudancin Faransa. Abin ya ba kowa mamaki saboda ƙatuwa ce mai wajen rabin nauyin Jupita amma kwana 4 da 'yan sa'o'i take gama zagaye, ta fi Makyuri kusa da tauraronta nesa ba kusa ba, kuma a lokacin ba wanda ya yi zaton ƙatuwar duniya za ta zauna a wajen. Shi ya ba su kyautar Nobel a 2019.

Sadiq:
Anti a yi min afuwa, amma ai 1992 aka fara ganowa ba 95 ba

Anti Rabi:
Eh Sadiq, Wolszczan da Frail a 1992, amma su na jikin mataccen tauraro suka gano, ragowar wanda ya riga ya fashe, kuma da na'urar rediyo ta Arecibo. Shi yasa nace tauraro irin rana. Ita ma Arecibon ai a ƙasa take kafin ta rushe a 2020.

Sadiq:
Toh na ji. Amma ni inda zan goyi bayan Bashir ba maganar sama da ƙasa bane, maganar girma ce. Madubin da Mayor yayi aiki dashi mita 1.93 ne kacal. HARPS, na'urar tsefe hasken da ta gano Proxima b a 2016 a jikin tauraron da ya fi kusa da rana, tana jikin madubi mai mita 3.6 ne a La Silla ta Chile. Tauraron TRAPPIST-1 da ake ta yayi mai duniyoyi bakwai, madubin TRAPPIST da ya fara hango su santimita 60 ne, wallahi ko mita ɗaya bai kai ba. To in ƙanana suna wannan aikin me ake da mai mita 8 balle 39? Inaga gasa ce kawai tsakanin Turai da Amurka kowa na son ace nasa yafi

Malam Habibu:
Sadiq hujjojinka duka gaskiya ne amma duba wane irin abu kowannensu ya kama. 51 Pegasi b tana girgiza tauraronta da sama da mita 50 a daƙiƙa. Jupita tana girgiza ranarmu da kusan mita 13 a daƙiƙa. Proxima b mita ɗaya da ɗan wani abu, ita ma don tauraronta ƙarami ne mara nauyi kuma tana manne da shi, kwana 11 take zagaye. Duniyarmu fa? Santimita 9 a daƙiƙa take motsa rana, bai kai rabin taƙi ba, kuma sai ka jira shekara guda cur kafin ka ga zagaye ɗaya. Wato masu sauƙin an kwashe su da ƙananan madubai, waɗanda muke nema da gaske su suka rage. Kuma duk sanda ka tsefe haske ka baza shi sosai, kowane ɗigo na kyamara kaɗan yake samu, in hasken ya yi kaɗan awon ba ya tsayawa. Babban madubi aikinsa na farko tara haske ne. Mai mita 8.2 ya ninka mai mita 3.6 sau biyar a abin da yake tarawa.

Anti Rabi:
Shi yasa aka ƙera na'urar tsefe haske ESPRESSO aka kai ta VLT, wato manyan madubai huɗu masu mita 8.2 da ke dutsen Paranal a Chile, ta fara aiki a 2018, burin da aka sa mata ta kai santimita 10 a daƙiƙa. Ita ba ma a jikin madubin take ba, tana wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa cikin tanki da aka zuƙe iskarsa, ɗaki cikin ɗaki saboda kada zafi ko sanyi ya motsa ko da ɗaya bisa ɗari na digiri, don abinda ake aunawa gusawa ce da bata kai ɗaya bisa dubu na ɗigon kyamara ɗaya ba, in ƙarfen na'urar ya ɗan miƙe saboda ɗumi shikenan ya haɗiye duniyar da ake nema. Hasken ta ramuka ake turo mata daga kowanne cikin manyan madubai huɗun, kuma ana iya haɗa huɗun gaba ɗaya su zuba mata su zama kamar madubi ɗaya mai mita 16.

Abinda ta samo kuwa, a 2020 ta tabbatar da Proxima b ta gyara awon nauyinta, ya ɗan ɗara na duniyarmu kaɗan. A 2022 ta hango wata kuma a wajen, Proxima d, mai wajen kwatan nauyin duniyarmu, kwana 5 take zagaye, girgizar da take yi wa tauraron santimita 40 ce kawai a daƙiƙa. A 2024 kuma ta kamo wata a jikin tauraron Barnard mai nisan shekara 6 na tafiyar haske, tauraron da aka shafe gomman shekaru ana cewa an ga duniya a jikinsa ana ƙaryatawa. Waɗannan maƙwabtanmu ne na kusa-kusa kuma Kepler ba zai taɓa ganinsu ba, don ba ma wajen ya kalla ba, sannan hanyar gittawa sai an yi sa'a zagayen duniyar ya daidaita da idonmu. Ga duniya irin tamu a nisa irin namu sa'ar wajen 1 cikin 200 ce.

Sadiq:
To amma Anti in abin ya kai ƙanƙantar santimita 40 ta ina aka san duniya ce ba tauraron ne da kansa yake motsi ba? Ai a 2012 an yi ta murna wai HARPS ta gano duniya a jikin tauraron Alpha Centauri B, har manyan jaridu suka buga, zuwa 2015 aka ce babu ita

Anti Rabi:
Wannan tambayar ita ce ciwon kan masu wannan fannin a yanzu, kuma abin Alpha Centauri haka ya faru. Fuskar tauraro tafasa take yi, iska mai zafi na tasowa mai sanyi na nutsewa, ga baƙaƙen tabo da ke fitowa suna juyawa tare da shi, duk wannan yana gusar da layukan da mita ɗaya ko biyu a daƙiƙa ko fiye. Wato na'urar ta riga ta fi tauraron natsuwa. Abinda ake yi shi ne a auna tsawon lokacin da tauraron ke juyawa a kan kansa a cire duk abinda ya dace da wannan lokacin, a duba ko alamar tana nan a jan haske da shuɗi iri ɗaya don duniya bata zaɓen launi amma tabo yana zaɓa, sannan a jira wata na'ura a wani wajen ta gani itama. Na Barnard ɗin nan haka aka yi, a 2025 wata na'ura a madubin Gemini na Hawaii ta tabbatar, har aka ce huɗu ne a wajen. Ni dai duk sanarwar da na'ura ɗaya ce ta gani ina ajiye ta gefe tukuna.

Zainab:
Anti ni abinda ke ɓata min rai hotunan nan da ake sakawa, duniya shuɗiya da teku da gajimare da duwatsu, ashe duk zane ne?? An taɓa ɗaukar hoton ko guda ɗaya da gaske kuwa?

Anti Rabi:
Zane ne 'yata, duk wanda kika ga teku da tsaunuka mai zane ne ya zauna ya ƙiyasta. Amma akwai hotuna na gaske, sai dai ɗigo ne kawai za ki gani. Na farko ma VLT ne ya ɗauka a 2004, ƙungiyar Gael Chauvin, wani jan ɗigo a gefen wani abu da bai kai ya kama wuta ya zama cikakken tauraro ba, ana kiranta 2M1207b, ta ninka Jupita wajen sau biyar a nauyi. Wanda yafi burge ni na Beta Pictoris ne. Anne-Marie Lagrange ta koma kan hotunan da aka ɗauka a 2003 ta ga ɗigo a gefe ɗaya na tauraron, ta sanar a 2008, mutane suka ce ƙila wani tauraro ne can baya ya shigo hoton. Da aka sake ɗauka a ƙarshen 2009 sai ga ɗigon ya koma ɗaya gefen. Kin ga an ga duniya ta yi tafiya ido da ido, ba lissafi ba.

Sai kuma PDS 70 a 2018, Miriam Keppler tana ɗalibar digiri na uku a lokacin, da na'urar SPHERE ta VLT suka ɗauko duniya tana kan haɗuwa, faifan ƙura da iska kewaye da jaririn tauraro, an share wani wawakeken fili a tsakiyar faifan ga ɗigo mai haske zaune a cikin filin. Shekara ɗaya bayan nan aka ga ta biyu tana zuƙar iska. Ki nemi wannan hoton ki kalla, wallahi ya fi min duk zanen nan.

Nura Mai Gyara:
Ni aikina gyaran na'ura ne shi yasa wannan ɓangaren nake jira. Bashir yayi gaskiya a abu ɗaya, iska tana ɓata hoto, ko da rana tsaka ka hangi mota daga nesa akan kwalta zaka ga tana rawa saboda hucin da ke tashi, da dare ma ƙyaftawar taurari ai iska ce. To ya suke yi da wannan? Na ga hoto suna harba leza sama kamar ruwan lemo

Malam Habibu:
Nura dabarar za ta yi maka daɗi. Bayan babban madubin akwai wani ƙarami siriri mai lanƙwasuwa, a bayansa akwai 'yan ƙananan turaku da ke tura shi suna ja. Wata na'ura tana auna yadda iska ta murɗe hasken, kwamfuta ta lissafa, madubin ya lanƙwashe akasin murɗewar sai hasken ya miƙe. A SPHERE turakun sun haura 1,300 kuma gyaran sama da sau 1,000 ake yi a daƙiƙa ɗaya, don iskar ba ta tsayawa. Bayan an miƙar da hasken sai a sa wani ɗan faifai ya toshe tauraron daidai tsakiya don abin da ke gefensa ya fito. Lezar kuma, a wajen kilomita 90 sama akwai wani shimfiɗi na sinadarin sodiyam da duwatsun da ke faɗowa daga sama suna ƙonewa suke bari, in leza ta doke shi sai ya yi haske ya zama tauraro na wucin gadi da za a auna murɗewar iska da shi. Amma wannan sai inda babu tauraro mai haske a kusa. Masu neman duniyoyi galibi tauraron da suke kallo shi kansa ya isa.

Shi babban madubin ma ba a sandare yake ba. Faɗinsa mita 8.2, nauyinsa tan 23, amma kaurinsa santimita 17 da rabi ne kawai, da za a bar shi da kansa lanƙwashewa zai yi, don haka yana zaune ne a kan turaku 150 da ke gyara masa zama duk sanda ya karkata. Da rana kuma ɗakin a rufe yake ana sanyaya shi daidai da sanyin da ake sa ran za a yi da dare, don kada a buɗe madubin ya riƙa fitar da huci.

Nura Mai Gyara:
Kai! Allah mai iko. Sau dubu a daƙiƙa

Alhaji Ɗanlami:
Malamai ina bin ku a hankali. Tambayata, irin wannan ba zai taimaka wajen duban watan azumi ba?

Malam Habibu:
Ranka ya daɗe ba aikinsa ba ne. Jinjirin wata yana ƙasa-ƙasa ne kusa da inda rana ta faɗi, su kuma waɗannan ba a kwantar da su ƙasa haka kuma ana nesanta su da hasken rana. Ƙaramin madubi da mutum zai ɗauka a hannu ya fi su amfani a nan.

Isuhu Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni tambayata mi ya sa kullum Chile? In hamada ake nema ai ga ta gare mu, a wuce Agadas a shiga duwatsun Ayar a ga taurari kamar ka miƙa hannu, dutsen Bagzan ya haura mita 2,000, ba wutar gari ba komi

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam Malam Isuhu. Duhun sama kam Ayar na da shi, amma akwai ƙura. Kwarin Bodele na arewacin Cadi ana lissafa shi a matsayin wajen da yafi ko'ina tada ƙura a duniya, kuma hunturu ta kanmu yake kwaso ta, watanni sama tana fari fat, ƙurar tana cin haske tana kuma sauka akan madubi. Paranal kuwa tsayinsa mita 2,635, kilomita 12 kacal daga tekun Pasifik, ruwan tekun wajen mai sanyi ne shi yasa gajimare ke kwanciya can ƙasa dutsen ya fito samansu, ta gabas kuma tsaunukan Andes sun tare damshin Amazon. Iskar da ke zuwa daga kan teku a miƙe take zuwa ba hargitsi, kuma dare wajen 300 a shekara sama tas take. Har motoci in dare yayi ba a kunna manyan fitilu a kan dutsen, masaukin ma'aikatan ma rufe rufinsa ake yi kada haske ya fita.

Amma Afirka ba a bar ta a baya gaba ɗaya ba. Akwai SALT a Sutherland ta Afirka ta Kudu tun 2005, madubinsa guntaye 91 ne aka jera faɗinsu ya kai mita 10, sannan tagwayen madubin TRAPPIST ɗin da Sadiq ya ambata ɗaya yana Oukaimeden a tsaunukan Atlas na Maroko tun 2016.

Sadiq:
Kuma Najeriya ma tana da tauraro fa, a 2019 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba kowace ƙasa tauraro da duniyarsa ta raɗa musu suna, namu HD 43197 aka sa masa Amadioha, duniyar kuma Equiano. Ita ma HARPS ce ta gano ta a La Silla

Bashir Gusau:
Na gamsu da maganar awon nauyi da ta hoto. Amma ni har yanzu akwai inda ban sauka ba. Abinda kowa ke son sani shine ko akwai rai a can, wannan kuma sai an shinshina iskar duniyar. Webb ne ya gano iskar kabon a duniyar WASP-39b a 2022. Na ƙasa ta cikin iskarmu yake leƙawa, wadda itama cike take da tururin ruwa da kabon da oksijin, ta ina zai bambance namu da nasu? A nan kam sama tafi, ko Anti?

Anti Rabi:
A wani ɓangaren tafi kam, ba musu. Akwai hasken infared, wanda ido baya gani, da tururin ruwan samanmu ke shanyewa gaba ɗaya, duk girman madubinka ba zai iso ka ba, kuma Webb yana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi cikin sanyi, mu nan madubin da iskar kansu ɗumi suke fitarwa. Wannan fagen nasa ne. Amma bambance namu da nasu akwai hanya, kuma ita ce gusawar layukan nan da na faɗa ɗazu. Duniyar da ke kusa da tauraronta gudun kilomita ɗari ko fiye take yi a daƙiƙa, don haka layukan iskarta suna tafiya cikin dare ɗaya, na iskarmu kuma suna tsaye cak. In ka tsefe hasken sosai sai ka ware mai tafiya daga na tsaye. Na'urar da ke irin wannan tsifar ƙatuwa ce mai nauyin tan-tan, tana son haske mai yawa, shi yasa a ƙasa suke.

Da haka a 2014 Ignas Snellen da abokan aikinsa suka auna cewa Beta Pictoris b awa 8 take juyawa a kan kanta, ranarta kenan. A 2020 kuma ESPRESSO ta duba WASP-76b, wadda fuska ɗaya take ba tauraronta kullum, zafin wannan gefen ya haura digiri 2,400 har ƙarfe ya zama tururi. Suka ga tururin ƙarfen a gefen yamma inda rana ke shiga dare, a gefen asuba kuma babu shi, wato iska ta kwashe shi zuwa ɓangaren dare ya huce ya sauko, shi ne aka fassara da cewa ruwan ƙarfe ake yi a can. Ka ga wannan ba sanin me ke cikin iskar kaɗai bane, har ina take kaɗawa.

Malam Habibu:
In ƙara maka da lissafin kuɗi Bashir tunda da shi ka fara. Webb ya ci wajen Dala biliyan 10, madubinsa mita 6.5, kuma an naɗe shi ne aka cusa a roka, in ya lalace ba mai zuwa gyara. ELT bai kai kwatan wannan kuɗin ba, guntayen madubi 798 ne kowanne wajen mita 1.4, zai tara haske sama da ninki 30 na Webb, kuma duk sanda aka ƙero sabuwar na'ura sai a hau dutsen Armazones inda ake gina shi a ɗaura masa. VLT tun 1998 yake aiki, SPHERE sai 2014 ta zo, ESPRESSO 2018, madubin dai shi ne amma aikin da yake yi yau waɗanda suka gina shi ba su da kayan yinsa.

Bashir Gusau:
Toh amma Malam in an gama ELT ɗin wajen 2030 zai nuna mana duniya irin tamu a jikin tauraro irin rana? In ba zai yi ba ai maganata na nan

Anti Rabi:
Wannan kam da wuya ƙanena, rana ta fi duniyarmu haske sau biliyan 10, kuma duk gyaran da madubi mai lanƙwasa zai yi akwai ɗan hasken da ke tsiyaya ya rufe ɗigon. Irin wannan NASA ma wani madubin sama take shirin yi masa na musamman, sai wajen shekarun 2040. Inda ELT zai yi tasiri ƙananan jajayen taurari ne na kusa, su haskensu kaɗan ne don haka tazarar haske tsakaninsu da duniyarsu bata kai haka ba, matsalar kawai duniyar tana manne da su sosai a ido, raba su sai madubi mai faɗi, kuma faɗin nan mita 39 ba rokar da za ta ɗaga shi yanzu. Proxima b bata gittawa ta gaban tauraronta, don haka dabarar da Webb yayi wa WASP-39b bata aiki a kanta. In za a nemi oksijin ko tururin ruwa a iskarta, in ma tana da iskar don tauraron nata yana yawan yin aman wuta, to hanyar da ake sa rai ita ce a haɗa madubi mai lanƙwasa da na'urar tsefe haske a jikin ELT.

Zainab:
Anti mu ɗalibai fa akwai ta inda zamu taɓa irin wannan aikin ko sai wanda ya fita waje?

Anti Rabi:
Akwai. Duk abinda madubin ESO, ƙungiyar Turawan nan mai VLT da ELT, ya ɗauka, wanda ya nema yana riƙe shi shekara ɗaya ne, daga nan a sake shi a rumbunsu na intanet kowa ya sauke kyauta, awon HARPS na sama da shekara 20 yana nan zube. Na TESS ma, madubin sama na NASA da ya gaji Kepler, kyauta ake saukewa. Abinda kike buƙata kwamfuta ce da Python da lissafin ƙididdiga. Ki fara da 51 Pegasi don girgizarta babba ce, ki jera awon ki nemo kwana 4.2 ɗin da hannunki, in kin samu ki turo nan mu duba tare sannan mu matsa kan mai wuya.

Sadiq:
Anti nima a saka ni. Amma ni Alpha Centauri B nake so in gwada, in ga ta ina suka samo alamar da ta ruɗe su a 2012

Anti Rabi:
Za ka kai can amma ba yanzu ba, wannan sai ka iya cire tabon tauraro da kuma jan da abokinsa Alpha Centauri A ke masa tukuna. Ku biyun ku fara da 51 Pegasi, ranar Asabar bayan la'asar zan nuna muku yadda ake sauke awon.